Har Jirgin Sama Ma Yana Ba Da Gyara

Duk wanda ya tashi a gidan da ake sana'a, ba sai an yi masa bayanin gyara ba. A gidanmu da ke Jekadafari cikin garin Gombe, mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, ta yi shekara 40 da ɗoriya tana sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli, abokiyar zamanta kuwa, wadda muke kira Inna, daddawa take yi. Tun muna ƙanana muka lura cewa idan baƙon yaro ya zo saye, akan auna masa daidai kuɗinsa ya tafi, amma idan yaron gidan da aka saba da su ne, sai Dada ta tsoma hannu cikin ƙwarya ta ɗora masa ƙuliƙuli biyu ko uku a kai. Da muka tambaye ta dalili, sai ta ce ɗan abin nan da muke gani shi ne igiyar da za ta jawo shi gobe. Ba mu taɓa zaton za mu tarar da irin wannan igiya a hannun masu jiragen sama ba, balle a ce ita ce za ta tayar da maganar da ta fi kowace nauyi a gidanmu tun bayan rasuwar mahaifinmu.

Mu huɗu ne 'ya'yan gidan, kuma dukkanmu ɗakin Dada muka fito. Inna ta haifi uku, amma Allah bai bar mata ko ɗaya ba. Babbanmu, wanda muke kira Hamma, ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan wutar sola a Babbar Kasuwar Gombe, kuma tun daga 2016 yake zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya, sau biyu ko sau uku a shekara. Yakan bi mota ta Dukku da Darazo zuwa Kano, daga can ya hau jirgi a filin Malam Aminu Kano. Sau huɗu ya yi wannan doguwar tafiya ba tare da ya san ana bin sa da wani gyara ba, sai da Allah ya haɗa shi kujera da wani dattijo ɗan Kantin Kwari, wanda ya tambaye shi lambar katinsa na tara maki. Da ya ce ba shi da ita, sai dattijon ya girgiza kai ya ce masa, "Yaro, kana zubar da hatsi a hanya kana tafiya."

Ya kamata mu ɗan tsaya a nan mu bayyana wa mai karatu yadda abin yake, domin mu ma sai da muka sha wuya kafin mu gane shi. Kamfanin American Airlines na Amurka ya buɗe shirinsa mai suna AAdvantage a 1981, daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Na Habasha yana da ShebaMiles, na Masar yana da EgyptAir Plus, na Saudiyya yana da Alfursan, na Ƙatar yana da Privilege Club, a nan gida ma Air Peace yana da Peace Advantage. Rajista kyauta ce. Duk lokacin da mutum ya sayi tikiti ya ba da lambarsa, sai a rubuta masa maki gwargwadon nisan tafiyar da irin tikitin da ya saya, a wasu kamfanonin kuma gwargwadon kuɗin da ya biya. Makin nan iri biyu ne. Akwai wanda ake kashewa, wato a karɓi tikiti da shi ko a sauya kujerar gama-gari zuwa ta alfarma da ke gaban jirgi, akwai kuma wanda ake auna matsayin mutum da shi, har ya kai ga katin azurfa ko na zinariya, a ƙara masa nauyin kaya, a bar shi ya shiga ɗakin hutun manyan baƙi. Bugu da ƙari, kamfanoni sun ƙulla ƙawance rukuni-rukuni. Na Habasha da na Masar, alal misali, duk suna cikin Star Alliance wadda aka kafa a 1997, saboda haka makin da aka tara a ɗaya ana iya hawa ɗayan da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka tausayi ne ya sa su yin haka, ai banza ba ta kai zomo kasuwa. Kujerar jirgi kamar tumatir take, muddin jirgin ya tashi babu kowa a kanta, to, ta ruɓe ke nan, babu mai sayenta gobe. Gara a ba da ita ga wanda ya saba ciniki, a ɗaure shi da ita, kada ya koma wa wani. Sun kuma san cewa mutane da yawa za su tara makin su manta da shi har wa'adinsa ya ƙare.

Mu ma mun faɗa wannan rami. Kamfanin da Hamma yake bi, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, yana soke makin da ya daɗe a ajiye. Da annobar korona ta sa aka rufe filayen jiragen ƙasar nan a watan Maris na 2020, ƙasar Sin kuma ba ta ɗage killace baƙi ba sai a watan Janairu na 2023, sai Hamma ya yi shekara uku bai leƙa asusunsa ba. Ranar da ya buɗe, ya tarar wajen sulusin abin da ya tara ya bi ruwa. Ba mu ga laifin kowa ba sai namu, domin ƙa'idar tana rubuce, mu ne ba mu karanta ba. Tun daga ranar ƙanwarmu malamar makaranta ta sayi littafi, ta riƙa rubuta ranar kowace tafiya da makin da ya shigo da ranar da zai mutu, ta kuma hana Hamma yar da takardar shiga jirgi sai ta ga makin ya sauka, saboda da ita ake neman haƙƙi idan an yi mantuwa.

A wannan lokaci ne muka ƙulla niyyar da muka ɓoye wa kowa. Dada ta sauke farali tun tana da ƙarfinta, amma ta daɗe tana fatan ta ƙara ganin Ka'aba kafin ta koma ga Mahaliccinta, ga shi kuma gwiwoyinta sun fara gazawa, ko zaman mota zuwa Kumo yakan kwantar da ita kwana biyu. Muka ce da yardar Allah za mu kai ta Umra a kujerar alfarma, wadda ake miƙewa a kwanta a kanta kamar gado, kujerar da kuɗinta ya fi ƙarfin mu huɗu ko da mun haɗa abin da muke samu. Abin da ya ƙara mana ƙwarin gwiwa shi ne halin da naira ta shiga. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki farashinta, dalar da ake lissafawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, zuwa Fabrairu na 2024 kuma ta wuce 1,500. Kuɗin da muke ajiyewa ya narke kamar man shanu a rana, alhali makin da aka tara tun dala tana 360 yana nan da nauyinsa. Sai dai shi ma ba abin dogaro ba ne, domin kamfani yana iya sauya jadawalinsa duk ranar da ya ga dama.

Dole mu faɗi gaskiya a kan kanmu, son makin nan ya so ya juya mana hankali. Akwai tafiyar da Hamma ya bar tikiti mai sauƙi na wani kamfani ya sayi mai tsada, don kawai kada makin ya wuce shi, da muka zauna muka yi lissafi kuwa, ƙarin kuɗin da ya biya ya fi darajar abin da ya samu. Har ya fara shirin wata tafiya da kasuwa ba ta kira ba. Ba mu gaya wa Dada dalili ba, amma da ta ji ƙishin-ƙishin zancen sai ta ce, ita dai a sana'arta ba ta taɓa ganin mai hankalin da ya sayi kwalbar mai goma don a yi masa gyaran ƙuliƙuli uku ba. Wannan magana ce ta hana tafiyar.

Mun so a yi Umrar a watan azumi na 2024, sai muka tarar kujerun da ake warewa masu maki 'yan kaɗan ne a kowane jirgi, kuma na azumi sun ƙare tun da daɗewa. Muka koyi cewa mai tafiya da maki ba ya zaɓar rana, sai dai ya nema da wuri, ya kuma karɓi lokacin da jama'a suka yi sauƙi. Bayan an yi ta dubawa, sai aka samu kujera ɗaya a watan Nuwamba, daidai da Jimada Ula. Da daddare muka taru a ɗakin Dada, Hamma ya durƙusa ya yi mata albishir, ya kwatanta mata faɗin kujerar da irin abincin da ake kawowa da yadda za ta miƙe ƙafafunta har Jidda.

Dada ta yi godiya, ta sa mana albarka, sannan ta yi shiru. Da yake Hamma ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta dubi gefensa ta ce, "Kai wannan, gyaran naku, idan a baya za a zauna, kujera nawa zai saya?"

Ya ce, "Dada, zai kusa sayen biyu. Amma ai saboda ƙafarki muka yi."

Ta ce, "Ƙafata ta kai ni inda ya fi Jidda wuya. Ita waccan da ke ɗakin can, da ta goya ku ɗaya bayan ɗaya ina wajen tuyar ƙuli, wane ne zai tara mata nata?"

Babu wanda ya iya ɗaga kai a cikinmu. Shekara biyu muna lissafi, mun san ranar mutuwar kowane maki, amma ko sau ɗaya sunan Inna bai shiga littafinmu ba, alhali kuwa ko Kano ba ta taɓa wucewa ba. Ɗaya daga cikinmu ya yi ƙarfin hali ya ce harajin tikiti da biza da masauki ba a biyan su da maki, kuma da farashin dala ake lissafa su, mutum biyu kuwa ninki biyu ne. Wannan gaskiya ce, kuma ba ƙaramar magana ba ce a shekarar da buhun masara ya gagari mutane a Tudun Hatsi. Dada ba ta musa ba. Sai ta tuna mana da kakanta, wanda ya bi hanyar gabas a ƙafa, hanyar da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka bi bayan yaƙin Burmi na 1903, a nan ƙasar Funakaye, waɗanda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna da su a bakin kogin Nilu a Sudan. Ta ce shekara 7 kakan nata ya yi kafin ya dawo, yana noma a hanya yana ci gaba, kuma abin da ya fi yawan faɗa har ya rasu shi ne, ba a taɓa barin abokin tafiya a baya ba. Ta ce idan jikarsa ta kasa zaman sa'o'i kaɗan a kujera, to, ta ji kunya.

Haka muka warware abin da muka ƙulla. Aka saki kujerar alfarma, aka karɓi biyu na gama-gari, ɗan giɓin makin da ya rage aka cike shi da kuɗi. Ƙanwarmu ta roƙi a ba ta kwasar adashinta kafin lokaci, autanmu ya sayar da bijimin da yake kiwo, Hamma kuma ya sayi nasa tikitin da kuɗinsa, tun da shi muharrami ne ga su biyun. Ranar da aka gaya wa Inna, tana tsakar gida tana shanya kalwa. Ba ta ce uffan ba, sai ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa, muna jin sheshsheƙarta har aka kira la'asar.

Mun raka su har Kano. Abin da ya faru bayan nan Hamma ne ya ba mu labari. A filin da suka sauya jirgi, katinsa na zinariya ya ba shi damar shiga ɗakin manyan baƙi da mutum ɗaya tak. Dada ta ce a shiga da Inna, Inna ta ce haram, ai Yaya ce mai ciwon ƙafa. Da aka rasa mai shiga, sai suka shimfiɗa darduma a gefen taga, suka kwance ƙullin dambun nama, suna ci suna ƙirga jiragen da ke sauka. Katin dai bai tashi a banza ba, shi ya sa aka fara shigar da su jirgi kafin cunkoso, shi kuma ya ɗauke nauyin dabino da tsarabar da suka jibgo a dawowa. Gwiwar Dada ta kumbura kamar yadda muka ji tsoro, har sai a keken guragu ta yi sa'ayi. Inna ce ta tura ta, ta hana Hamma taɓa keken tun daga Safa har zagaye na bakwai a Marwa.

Ga mai niyyar bin wannan hanya, abin da muka koya bai fi a ƙirga da yatsu ba. Ya yi rajista tun tafiyar farko, ya tsaya a kamfani ɗaya ko ƙawance ɗaya muddin farashi bai yi nisa ba, ya san ranar da makinsa zai mutu, ya nemi kujera da wuri, ya tanadi kuɗin haraji a gefe, kada kuma ya yi tafiyar da ba ta kama shi ba don kwaɗayin gyara. Sauran darasin kuwa ba a jadawalin kamfani muka same shi ba.

Har yanzu babu wanda ya taɓa zama a kujerar alfarma a gidanmu. Hamma ya koma tafiye-tafiyensa, makin ya fara taruwa daga farko, ƙanwarmu kuma ta buɗe sabon shafi a littafinta. Wannan karon, kafin ta rubuta lamba ko ɗaya, sai da ta jera sunayen mutanen gidan gaba ɗaya a saman shafin. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya kuma ba mu ikon tunawa da wanda ya goya mu, amin.