Ƙosan Inna Ya Haye Teku

Ni dai tun da na buɗe ido na tarar da kaskon ƙosai a tsakar gidanmu a Argungu. Kafin ladan ya kira assalatu Inna ta surfa waken da ta jiƙa, ta wanke shi har sai ɓawon da baƙin hancin nan sun fita tas, sannan a tashe ni in kai markaɗe. Da wannan kasko aka saya mini littafi da takalmi, da shi kuma aka biya kuɗin jarrabawata. Amma a wancan lokaci, Allah Ya yafe mini, kunyarsa nake ji. Nakan gama talla in ruga makaranta hijabina na ƙaurin man gyaɗa, 'yan ajinmu suna toshe hanci. Akwai ranar da wata malama ta tambayi sana'ar mahaifiyata, na ce ɗinki take yi. Inna kuwa ko zare ba ta iya zurawa a allura sai an taya ta.

Shekaru sun shuɗe, ga ni yau ni ma ina riƙe da alli. Ina shirya darasi a kan cinikin bayi sai na ci karo da hoton wata mata a birnin Salbado na jihar Bahiya, can ƙasar Barazil, sanye da fararen kaya da ɗaurin ɗankwali, tana tsame wani abu daga cikin mai. Wallahi ƙosai ne! Su akaraje suke ce masa, daga kalmar akara ta Yarbawa. Bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu ne suka tafi da shi a kawunansu, tunda ba a bar su sun ɗauki komai a hannu ba. Cikinsu har da Hausawa, domin kuwa an kama waɗansu da shirin tawaye a can a 1807, kuma an sami Hausawa a cikin tawayen bayi Musulmi na 1835. Ba a soke bauta a ƙasar ba sai 1888. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a 2005 hukumar adana kayan tarihi ta Barazil ta sanya sana'ar matan nan masu suya cikin abin da ƙasa ke alfahari da shi. Sana'ar da na ɓoye a aji huɗu ke nan.

Ran Asabar na ce sai na gwada irin nasu. Ƙullun albasa da gishiri kawai suke sa masa, su soya a manja, su tsaga shi biyu su zuba kuɓewa da barkono da jatan lande da wani kwaɓi na burodi da gyaɗa da madarar kwakwa. Ina ni ina jatan lande a Kabi? Na nemo bandar kifi, abin da ba mu rasawa a garin Matan Fada.

Na farko ya nutse a ƙasan kasko, ya sha mai ya yi laƙwas. Inna na zaune a kan tabarma tana jan carbi, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau.

"Ke, ban ji kin buga shi ba," in ji ta. "Kuma tun yaushe kinka sa gishiri?"

Na ce tun wajen markaɗe. Ta yi tsaki. Ashe bugun nan da nake ɗauka wahala ce kawai, shi ke shigar da iska cikin ƙullu har ya yi sauƙi ya taso saman mai, gishiri kuwa sai an zo sakawa. Ta sa na kawo mata ragowar waken da aka markaɗa, ta karɓi muciya da hannun nan mai rawa, ta buga har ƙullun ya yi fari ya kumbura. Da na saka, sai ga shi yana yawo a kan manja, jajir.

Na tsaga ɗaya na cika shi na miƙa mata, na ba ta labarin matan Bahiya, har da karramawar da aka yi musu. Daga nan na daure na faɗa mata zancen ɗinkin nan. Ta daɗe tana tauna.

"Na sani," ta ce. "Malamar taku ai wurina take sayen ƙosai. Miƙo mini yaji, wanga nasu ba ya da ɗanɗano."