Kafin a ce lasisi, a Mai Wurno ana kwafi

Mutanen da suka tsira daga yaƙin Burmi a 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ba su yi gabas hannu rabbana ba. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja su har gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sannar a Sudan, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kuma cikin kayansu akwai gafakokin littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello ɗan Shehu, da waƙoƙin ajami na Hausa da Fulatanci.

Yadda littattafan nan suka rayu shi ne abin da ya kamata mu tuna. Ɗalibi zai je wurin malami ya ce, "Allah gafarta Malam, a ara mini in kwafa." Sai a ba shi. Ya jiƙa tawada, ya fere alƙalami, ya bi ganye bayan ganye. In ya kai ƙarshe ya rubuta sunan mawallafi, sannan nasa, ya roƙi addu'ar mai karatu. Wani kuma ya zo ya cika gefen takarda da sharhi, na bayansa ya kwafe har da sharhin. Ba a biyan kuɗin izini, amma sauya sunan mai littafi babban abin kunya ne. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, Hausawa suka bazu ƙauyuka neman aiki, takardun suka bi su.

Wannan ƙa'ida ce Richard Stallman ya kafa shirin manhaja na GNU a kanta a 1983: ka kwafi manhaja, ka gyara, ka ba wani. Ita ce kuma Creative Commons ta mayar lasisi a 2002, da sharaɗin ambaton mai aiki. A ganina tasu ta tsangaya ta fi ƙarfi, domin ba kotu ke tsaron ta ba, mutunci ne.

Jikokin mutanen Mai Wurno ma sun ɗanɗana amfanin wannan ƙa'ida. Daga 1997 takunkumin Amurka ya toshe wa Sudan ƙofofin kamfanonin manhaja, har SourceForge, rumbun manhajar kyauta, ya rufe wa ƙasar ƙofa a Janairun 2010. Sai manhaja ta koma yawo a faifai da filashi daga hannu zuwa hannu, kuma Linux na cikin waɗanda kwafarsu ba sata ba ce. Sai a 2017 aka ɗage yawancin takunkumin.

Abin da ke ci mini rai shi ne Wikipedia ta Hausa. Da boko ake rubuta ta, alhali ɗan garin Mai Wurno da Larabci ya yi makaranta, idonsa da ajami ya saba. Harshensa ne, amma shafin baƙo ne a gare shi. Ga kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ya ci Wad Madani a Disambar shekarar, ya gangara jihar Sannar. Mai gudun ceton rai ba kasafai yake tsayawa ɗaukar gafaka ba. Duk takardar da ta rage a hannun iyalai tana bukatar a ɗauki hotonta da waya, da yardar masu ita, a ɗora a Wikimedia Commons da sunan mawallafi da na wanda ya kwafa.