Limbe, Inda Ba a Koya wa Aku Magana

Ina yaro, akwai wani fatken goro a unguwarmu a birnin Kano da ya ajiye aku a zaurensa. Kejin waya ne rataye a jikin azara, tsuntsun kuma mai ruwan toka da jar wutsiya kamar an tsoma ta a lalle. Idan ka yi sallama shi ke fara amsawa kafin mai gida. Mu yara mukan kai masa gyaɗa don ya kira sunanmu. A cikinmu ba wanda ya taɓa tambayar daga ina aka kawo shi, alhali duk faɗin ƙasar Hausa babu dajin da irin wannan aku yake zaune. Tsuntsun kurmi ne. Amsar tambayar da ban yi ba ina yaro, a Limbe na same ta, a bakin teku, kudu maso yammacin Kamaru.

Daga Duwala muka tashi da wani Alhaji da ya sauke ni a gidansa, Bahaushe ɗan kasuwa wanda a can aka haife shi. Tafiyar kimanin kilomita 70 ce: a ƙetare gadar kogin Wuri, a bi ta Tiko da Mutengene, gonakin roba da ayaba da kwakwar manja hagu da dama. Dutsen Kamaru, mai tsawon fiye da mita 4,000, yana tsaye a bayan garin, gajimare ya naɗa masa rawani. Shi ne ya mayar da yashin bakin tekun baƙi ƙirin saboda amon wutar da ya sha yi. Garin kansa Biktoriya ake ce masa tun 1858, sai a 1982 aka sauya masa suna.

"Malam, tun daga Kano don ka ga aku?" in ji Alhaji. Na ce masa masu kula da akun na zo gani.

Cibiyar kula da namun daji ta Limbe tsohon gidan zu ne da ya lalace. A 1993 gwamnatin Kamaru ta haɗa hannu da gidauniyar Pandrillus aka mayar da shi mafakar dabbobin da aka ƙwato daga mafarauta da 'yan fasa-ƙwauri. Gidauniyar nan a Kalaba ta fara aiki, inda Liza Gadsby da Peter Jenkins suka buɗe wurin ceto wani jinsin biri da ya kusa ƙarewa. Da birai aka san cibiyar, manya da ƙanana. Aku kuwa faɗo mata ya yi ba shiri. A ƙarshen 2007 aka kama tsuntsayen aku fiye da 1,200 a filin jirgin saman Duwala, a kamu biyu, an cusa su cikin akwatunan katako za a fitar da su waje. Aka ɗebo su aka kawo Limbe, wurin da ba a gina shi don tsuntsu ba. Tun daga lokacin, kamu bayan kamu, ba a daina kawowa ba.

Sai mutum ya san yadda ake kama aku zai gane nauyin aikin. Aku tsuntsu ne mai son jama'a, garke-garke yake kwana, garke-garke yake sauka cin abinci. Wannan hali ne ke cutar sa. Mai kamu yakan ɗaure wani aku a kan reshe, ya jera sanduna da aka shafe da danƙo. Kukan ɗaurarren ya jawo 'yan'uwansa, suna sauka su manne. Daga nan a yanke musu gashin fiffike ko a ɗaure shi don kada su tashi. Da yawa ba sa kai wa filin jirgi, ƙishirwa da cunkoso sun gama da su a hanya. Haka aka yi ta ɗiba: fiye da miliyan ɗaya aka fitar daga Afirka da takardun izini tun 1975, ban da na bayan fage. A Gana bincike ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na aku sun ɓace tun 1992. Sai a 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Afirka ta Kudu, aka haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Dokar ta rage cinikin, ba ta kashe shi ba.

Tsuntsun da ya iso Limbe, to, yakan zo a galabaice, gashinsa a cukurkuɗe da danƙo. A fara killace shi saboda cututtukan da yake iya yaɗawa, har ga mutane. Wanda fiffikensa ya tsira, da ya murmure sai a shirya sakinsa. Wanda aka yanke wa gashi kuwa nasa ya fi tsawo, don yankakken gashi ba ya tsirowa sai tsohon ya fita. Likitan dabbobi yakan sa masa maganin barci ya cire guntayen ɗaya bayan ɗaya, sannan a jira watanni sabon gashi ya fito. Bayan haka a sa shi a dogon keji ya riƙa tashi daga wannan gefe zuwa wancan har ƙirjinsa ya yi ƙarfi. Ka ɗauki wannan aikin ka ninka shi ɗaruruwa.

Amma ba wahalar ce ta fi kama ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shirun ma'aikatan. Saurayin da ya raka mu ya tsayar da mu daga nesa, ya yi mana bayani da Turancin buroka, Alhaji yana fassara mini. Tsuntsun da za a mayar daji ba a so ya saba da mutum. Ba a wasa da shi, ba a ba shi abinci a tafin hannu, ba a koya masa ko kalma ɗaya. Akun da ya yarda da mutum, ranar da aka sake shi zai sauka a kafaɗar wanda zai sake sayar da shi. Saboda haka mai kawo abinci yakan shiga, ya share, ya zuba ruwa da 'ya'yan kwakwa, ya fita. Mu a wurinmu darajar aku bakinsa, mai bakin magana muke ce masa. Su a nan tsuntsun da ya ga mai ciyar da shi ya tsere can ƙuryar keji, shi ne aikin da ya yi kyau.

Na daɗe ina juya wannan. Kowane makiyayi yana jin daɗin saniyarsa ta san muryarsa. Mai kiwon tantabara yana so su zagayo idan ya yi fito. Ladan kiwo ke nan da ba a ƙirga shi da kuɗi, su kuma waɗannan mutane sun haƙura da shi da gangan, kullum safiya, a kan tsuntsun da ya fi kowane tsuntsu iya jan hankalin mutum. Ban san wani suna da zan ba wannan ba in ba kamun kai ba.

Sai kuma amana. Aku ɗaya kuɗi ne mai kauri a kasuwar bayan fage, ga shi ƙarami, jakar hannu ta ɗauke shi. Mai kula da kejin ba mai babban albashi ba ne, kuma ya san darajar abin da yake ciyarwa. Shi ya sa ƙirga ta zama kamar ibada a wurin: nawa aka karɓa, nawa suka mutu, nawa suka fara tashi, duk a rubuce. Rubuta wanda ya mutu a hannunka ba abu ne mai daɗi ba, amma idan aka ɓoye mutuwa ɗaya, cutar da ta kashe shi sai ta bi sauran. Kuma tsuntsayen nan shaida ne a gaban kotu, a shari'ar waɗanda aka kama da su. Na tuna hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Mun haddace shi tun muna makarantar allo, sai ga shi na zo bakin teku, cikin mutanen da yawancinsu ba addininmu ɗaya ba, ina ganin ana tsoron hakkin dabba a aikace.

Ba a manta da mutanen da ke kewaye ba. Tsofaffin mafarauta daga ƙauyen Batoke cibiyar ke biya su yanko wani ganyen daji da manyan birai ke ci, mata manoma kuma suna sayar mata da ganyen rogo da na gwanda daga gonakinsu. Wanda a da bindiga ke ciyar da iyalinsa, yanzu adda ce. Rikicin da ya ɓarke a yankunan Kamaru masu magana da Ingilishi, inda Limbe take, tun 2016 ya kori baƙi masu sayen tikiti, annobar korona ta ƙara a 2020, amma dabba ba ta san yajin aiki ko dokar hana fita ba, dole wani ya iso da safe ya buɗe ƙofa.

Da la'asar, za mu tafi, wani aku daga cikin dogon kejin ya saki wani fito mai hawa da sauka, wani ya karɓa, nan da nan wurin ya cika da sauti irin wanda ban taɓa ji daga akun zauren fatken goro ba. Babu sallama a ciki, babu sunan kowa. Na tattara leɓena zan mayar masa, kamar yadda muke yi muna yara. Saurayin nan ya ɗaga hannu a hankali, ya girgiza kai. Muka juya shiru. Shi kuma ya tsoma takalmansa na roba a kwanon maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke bakin ƙofa, ya ɗauki takardarsa ya shiga ƙirgar yamma.