Daga Bakin Dajin Rugu Zuwa Kaduna

Mu biyar ne muka yi wannan tafiya, uku daga Safana, biyu daga Batsari. Ko da yake garuruwanmu maƙwabtan juna ne, mu na Safana ba mu taɓa ganin na Batsari ido da ido ba sai ran da muka tashi. A cikin wayar hannu muka san juna. Muna da wani zaure a WhatsApp na masu son labari cikin zane, wato irin labarin nan da ake jera hotuna gida gida, maganar kowane mutum tana fitowa daga bakinsa cikin ɗan da'ira. Mu kusan arba'in ne a zauren, waɗansu a Kano, waɗansu a Zariya da Jos, har da mutum biyu a Maraɗi. Mutum yakan yi zanensa da biro a littafin makaranta, ya ɗauki hotonsa ya aiko, sauran su yaba ko su yi masa gyara.

A waɗansu wurare masu irin wannan sha'awa suna da babban taronsu. Na birnin San Diyego a Amurka an fara shi tun 1970, na Legas kuwa a 2012. Amma Legas ta yi mana nisa, aljihunmu kuma bai kai ba. Saboda haka da muka ji ƙungiyar Open Arts za ta yi bikin littattafai da fasahar Hausa a Kaduna cikin Oktoba 2021, sai muka yi alkawari tun da damina cewa can za mu sadu.

Ba mu san abin da ke tafe ba. Masu karatu na nesa, ya kamata ku san inda muke zaune. Batsari da Safana suna yammacin Jihar Katsina, a bakin Dajin Rugu wanda ya miƙe har iyakar Zamfara. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa, da kiwon shanu. A shekarun nan 'yan bindiga suka mai da dajin mazauninsu. Cikin Fabrairu 2020 sun kashe mutum wajen 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari a dare ɗaya. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu, ta hana sayar da fetur a jarka. Cikin Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu biyu, domin a toshe hanyar da 'yan bindiga ke samun labari.

Wata safiya muka tashi, waya ta zama fitila kawai. Abokanmu na zaure suka daina jinmu ba sallama. Abin da ya ƙara tayar musu da hankali shi ne wani saurayi daga Batsari, auta a cikinmu, yana cikin zana labarin daren da aka kora shanun mahaifinsa. Ya riga ya aika shafi 11. A shafin ƙarshe an ga yaro a bayan rumbu, fitilun babura suna tahowa. Daga nan sai shiru.

Muka koma ga abin da iyayenmu suka sani, wato wasiƙa a hannun direba. Ta haka muka shirya da 'yan Batsari cewa ran Laraba 20 ga Oktoba za mu haɗu a tashar mota ta Dutsin-Ma. A gida ba a sake mu da daɗin rai ba. Mahaifiyar ɗayanmu ta ce, "Yanzu saboda zane za ku bi wannan hanya? Wa kuka sani a Kadunan?" Tambaya ce mai wuyar amsawa, gama mun san mutanen, ba mu kuwa san fuskokinsu ba.

A tashar muka yi ta duban mutane har muka hangi wani siririn yaro zaune a kan benci, ya sunkuya yana zana ɗan kamasho a bayan kwalin sigari. Ba sai an gaya mana ba. Yadda yake zana kunne, babba kamar na jemage, duk zaure an san shi da shi. Muka yi masa sallama da sunan da muke kiransa a waya, ya ɗago, sai dariya.

Mota ta bi ta Kankiya. Muna kusantar garin sai wayoyinmu biyar suka farka a lokaci ɗaya, suna ta kuka kamar 'yan tsaki. Saƙon mako shida ya zubo. Wata tsohuwa da ke kusa da taga ta roƙi a ara mata ta kira ɗanta a Kano, ta yi magana tana share hawaye da bakin gyale. Mu kuwa muka rubuta layi ɗaya, "Muna nan da rai, muna hanya." Ba mu yi nisa ba layi ya sake mutuwa. Malumfashi shiru, Funtuwa shiru, sai da muka kusanci Zariya. Dawa ta nuna a gonaki hagu da dama, amma direbanmu ba ya son tsayawa ko don shan ruwa. La'asar sakaliya muka shiga Kaduna, muka kwana a wurin ɗan'uwan ɗayanmu.

An yi bikin daga 21 zuwa 23 ga wata a Arewa House. Nan ne gidan Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa, inda ya zauna har rasuwarsa ran 15 ga Janairu 1966. Daga baya aka mai da wurin cibiyar adana tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Mun ga marubuta da masu karatu, mun saurari karatu da muhawara, mun taɓa littattafan da sai sunansu muke ji. Amma mu faɗi gaskiya, hankalinmu yana bakin ƙofa.

Akwai wani a zaurenmu da ya fi kowa tsokana. Shi ne mai cewa dokin wane ya yi kama da akuya, mu kuwa mukan mayar masa, "Kai yaro, tafi ka koyi riƙe biro." Muna tsaye a inuwa sai ga wani dattijo mai furfura da sanda, ya tsaya a gabanmu ya ce, "Ku ne 'yan Rugu? Wane ne a cikinku yake ce mini yaro?" Kunya ta rufe mu. Muka durƙusa gaba ɗaya muna cewa, "Baba, a gafarce mu, ba mu sani ba." Ya yi ta dariya har da tari. Ashe tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, jikarsa ce ta sa shi a zauren.

Da dariya ta lafa sai ya zaro wata takarda daga aljihun riga. Sunayenmu ne, mu shida na ƙasar Batsari da Safana, da lambar kowa. Ya ce tun da aka daina jinmu, kowace safiya sai ya kira lambobin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki alƙalami ya yi wa biyar alama. Ya dube mu ya ce, "Ina na shida?" Wani yaro ne daga wani ƙauye a wajen Runka, gwanin zanen raƙumi. Babu wanda ya ji ɗuriyarsa a cikinmu. Mun sunkuyar da kai, gama Runka a ƙasar Safana take, mu ne na kusa, ba mu kuwa neme shi ba.

Kafin azahar mun kai mutum goma sha huɗu a gindin itace. Mu dai ba mu ci karo da littafin labari cikin zane na Hausa da za mu saya ba, sai muka baje namu a kan tabarma. A takarda zane ya sha bamban da na waya. Kana ganin inda biro ya ƙare aka canja wani, da inda hannu ya danne har takarda ta huje. Baba ya ba mu labarin wata mujalla da ake kira African Film, wadda ake sayarwa a ƙarshen shekarun 1960, mai labarin wani ɗan leƙen asiri Lance Spearman cikin hotuna. Ya ce su goma sukan haɗa kwabo kwabo su sayi ɗaya, wanda ya iya Turanci ya fassara wa sauran. A ganinmu abin kunya ne a ce harshen da ya haifi Magana Jari Ce tun shekarun 1930 har yanzu yaransa ba su da wadatar irin waɗannan littattafai.

Daga nan aka ce autanmu ya kawo ƙarshen labarinsa. Ya miƙa littafin, hannunsa yana rawa. Shafi 9 ya ƙara. Aka yi ta miƙa wa juna, ba mai magana. Yaron bayan rumbu ya tsira, shanu sun tafi, a hoton ƙarshe kuma uban yana zaune a garke yana riƙe da igiya. Wata malamar makaranta daga Jos ta ce, "Ƙanena, wannan ba na waya ba ne." Ta tafi da littafin wani shago, ta dawo da kofe 20 an ɗinke su da waya. Kowa ya sayi ɗaya naira ɗari biyu. Kuɗin motarsa na komawa ke nan, har da saura.

Ran Lahadi muka kamo hanyar gida. Baba ya raka mu tasha, ya damƙa wa babbanmu takardar nan ta sunaye, ya ce, "Ɗana, saura alama ɗaya. Kada ku jira waya." Bayan Kankiya wayoyinmu suka yi shiru, haka kuma suka zauna har watanni.

Mako biyu muka yi muna tambaya wurin masu babur da masu kawo itace daga wajen Runka. A ƙarshe wani mai faci ya ce ya san yaron. Mutanen ƙauyensu sun watse tun kafin kaka, shi da mahaifiyarsa suna Dutsin-Ma a gidan kawunsa, ya sayar da wayarsa sun sayi masara. Muka je muka same shi yana tura baro a kasuwa, ba nisa da bencin da muka zauna ran da muka tashi. Muka ba shi kofe ɗaya na labarin autanmu da biro biyu. Sa'an nan muka yi alama ta shida, muka sa takardar a ambulan, muka ba direban Kaduna.