Kumfar sabulu ba shaidar tsabtar ruwa ba ce

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a ƙasar Adar, inda dutsen farar ƙasa yake da yawa. Da irinsa ake yin siminti a Malbaza. Ruwan rijiyar gidan wana yana ratsa wannan dutse, ya kwaso kalsiyam da magneziyam. Shi ya sa sabulu ba ya kumfa, gindin butar shayi kuma kullum da farin ɓawo.

Da wana ya sayo na'urar tausasa ruwa, ni na karanta takardarta, mai gyaran famfo ya haɗa ta tsakanin tanki da famfon gida. Tulu biyu gare ta. Na farko cike yake da ƙwayoyin roba ƙanana, ba su kai gero ba. Su ke riƙe kalsiyam da magneziyam, su saki sodiyam. Na biyu na gishiri ne. In ƙwayoyin sun ƙoshi, ruwan gishiri ya wanke su, dauɗar ta fita ta bututu. Aikin mai gida shi ne ya duba kada gishiri ya ƙare.

Sabulu ya yi kumfa. Matar wana ta ji daɗi, har ta daina dafa ruwan sha. Da damina ta sauka, zawo ya kama autanta, muka kwana biyu gidan likita. Laifina ne, ni da na karanta takardar: ban faɗa mata cewa na'urar ba ta kashe ƙwayoyin cuta ba.

Yaron ya warke, alhamdu lillahi. Ƴan uwa, ko da na'ura a gida, a tafasa ruwan sha.