Aikin Da Bai Leƙo Zaure Ba

Muna yara, a shekarar ƙidaya ta 1991, wani malami ya yi sallama a ƙofar gidanmu da takardu a hammata. Mahaifinmu ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, mu kuwa muka raɓe jikin bango muna kallo. Ya tambayi sunan kowa da shekarunsa, har ya zo kan mahaifiyarmu, ya ce, "Mene ne aikinta?" Mahaifinmu ya ce, "Ai ba ta aiki, tana cikin gida." Malam ya rubuta. Alhali kuwa a lokacin nan ana jin ƙarar taɓaryarta har zaure.

Tun asuba ta kan soya gyaɗa, ta murje, ta daka, ta matse mai ta ɗura a kwalabe, sa'an nan ta mulmula tunkuza ta toya ƙuliƙuli. Yayarmu ce ke kai talla. Da ribar nan ta ke zubin adashi, da ita ta tara wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da ita kuma ta saya mana alƙalami da littafin rubutu shekarar da damina ta ƙi. Mahaifinmu bai yi ƙarya ba. A wurinsa aiki shi ne na albashi. Da an tambaye shi sana'arta, da ya faɗi.

To, ku 'yan makaranta, ga dalilin da ya sa muka ba ku wannan labari. Masu lissafin arzikin ƙasa, in suna so su san ƙarfin al'umma, su kan dubi mutanen da ke tsakanin shekara 25 da 54, watau waɗanda suka wuce karatu amma tsufa bai cim musu ba, su ƙidaya nawa ke aiki ko neman aiki. Bisa ƙa'idar da ƙasashe ke bi, wadda Nijeriya ta ɗauka a 2023, duk wanda ya yi aikin da ke kawo lada ko riba, ko da na awa ɗaya ne a mako, ma'aikaci ne. Tuwon da mace ta tuƙa wa iyalinta ba ya shiga, amma ƙuliƙulin sayarwa yana shiga. Ashe mahaifiyarmu ma'aikaciya ce, takarda ce ba ta sani ba.

Ba mu kaɗai muka lura da haka ba. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta ga yadda matan kulle ke saye da sayar da hatsi daga cikin gidajensu ta hannun yara, har a 1969 ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Kada kuma ku zaci abin ya tsaya ga ƙasar Hausa. Claudia Goldin, malamar da ta sami lambar Nobel a 2023, ta tone tsofaffin takardun Amurka, ta tarar a ƙarshen shekarun 1890 matan aure masu aiki sun kusan ninka abin da ƙidaya ta nuna sau uku, don malaman can ma "matar aure" kawai su kan rubuta su wuce.

Watakila wani ya ce, mene ne a cikin rubutu, tun da ba ya ƙara mata mudun gyaɗa? Akwai fa. Wadda ba a ƙidaya ba, ba a tunawa da ita ran rabon rance ko koyar da sana'a. Da man inji ya cika kasuwa, cinikin mahaifiyarmu ya yi ta ja da baya har ta kife turmi, ba kuwa littafin da ya nuna wata ta rasa aiki. Haka nan ba wanda ya rubuta cewa yayarmu ta rasa makaranta saboda farantin talla.

Gobe waɗansunku za su riƙe irin takardun nan. In kun je zaure, kada ku ce, "Tana aiki?" Ku ce, "Wace sana'a ta ke yi?" In da hali, a sami mace ta shiga ciki ta ji daga bakin mai ita. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Kafin ran nan kuwa, in an yi hutu kun koma gida, kowa ya zauna gaban gyatumarsa ya tambaye ta inda kuɗin littafinsa ya fito. Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri, amin.