Daga Ibeto Zuwa Layin Dogo: Keke, Jirgin Ƙasa Da Jakar Matafiyi

Duk wanda ya tashi daga Kontagora ya miƙi hanyar Yawuri, ba zai yi nisa ba sai ya iske Ibeto, gari ne na manoma da 'yan kasuwa a Ƙaramar Hukumar Magama, wadda hedkwatarta ke Nasko, cikin masarautar Sarkin Sudan na Kontagora. Kambari da Hausawa da Fulani ne akasarin mazauna wannan yanki, kuma dawa da gero da masara da gyaɗa da wake su ne arzikinsu. Ranar kasuwa, tun da hantsi, sai a ga mutanen ƙauyuka suna ɓullowa ta kowace kusurwa, wasu a ƙasa, wasu a kan babur, wasu kuwa bisa keke, kowa da abin da ya ɗauro.

To, abin da Ibeto ba ta da shi, shi ne layin dogo. Ba ita kaɗai ba, har Kontagora kanta jirgin ƙasa bai taɓa shigarta ba. Lokacin da Turawan mulki suka shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Kwara, ya bi ta Minna har ya isa Kano a 1911, sannan aka haɗa shi da na Ikko ta Zungeru a 1912, duk ƙasar Kontagora a gefe aka bar ta. Zungeru, wadda ita ce hedkwatar Arewa tun daga 1902 kafin a koma Kaduna a 1917, ita ce babbar tashar da ta fi kusa, amma tsakaninta da Ibeto ya haura kilomita 100. Sai mutum ya bi ta Kontagora, ya gangara Tegina, sa'an nan ya karya kudu. Watau dai ga mutumin Ibeto, tafiyar jirgi kashi uku ce: keke daga ƙauye zuwa bakin titi, mota zuwa tasha, sa'an nan tarago. A kowane mataki kuwa sai an sauke kaya an sake ɗauka, kuma a nan ne ake gane jakar ƙwarai.

MANGALA ITA CE MALAMA

Tun kafin keke ya zo ƙasar Hausa, fatake sun warware wannan matsala a bayan jaki. Mangala da waga duk dabara ɗaya ce: a raba kaya biyu daidai, a rataya su dama da hagu, nauyin ya sauka ƙasa-ƙasa. Jakar da masu yawon duniya a kan keke ke ratayawa gefen tayar baya, ba wani abu ba ne illa mangala da aka yi wa sabon ɗinki. Dalilin kuwa a fili yake. Idan aka tula buhu a saman kariya, nauyi ya yi bisa, keke sai ya riƙa rangaji, da an shiga yashi ko kwazazzabo sai ya kwashe mahayi. Idan kuwa nauyin ya sauka gefen taya, kuma ɓangarorin biyu sun yi daidai, keke yakan tafi sumul ko a hanyar burji.

Jakar goyo, wadda 'yan makaranta ke saɓawa a baya, tana da nata amfani, domin tana barin hannu biyu a sake sa'ad da ake kokawar shiga tarago. Amma wanda ya taɓa tuƙa keke da ita cikin zafin bazara ya san azabarta: gumi ya jiƙa riga sharkaf, kafaɗu su yi tsami, baya ya ƙage. Ta dace da ɗan gajeren zango da kaya marasa nauyi, ba ta dace da mai tafiyar sa'a biyu ba.

Akwai kuma jakar nan mai zanen gida-gida, wadda ta samu sunanta na Ghana Must Go a 1983, lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardun zama. Tana cin kaya, ga ta da araha, shi ya sa ta cika tashoshi. Sai dai araha ba ta ado. Zif ɗinta ba ya jure ƙura, hannunta yakan tsinke a tsakiyar cunkoso, kuma a kan kariya ba ta zama sai an yi mata ɗaurin goro da robar tsohon tub. Wannan roba kuwa, in bakinta ya kwance ya shiga taya, ba kaya kaɗai ke zubewa ba, har mahayin sai ya sha ƙasa.

ABIN DA ZA A DUBA

Saboda haka mai son jakar da za ta raka shi daga ƙofar gida har cikin tarago, akwai abubuwan da ya kamata ya lura da su. Na farko, ta kasance mai saurin cirewa, domin direba ba ya jiran mai kwance igiya, jirgi kuwa balle. Maƙalai biyu na ƙarfe da za su kama kariya, da ɗan maɗauri a ƙasa don kada ta riƙa lilo, sun wadatar. Na biyu, bayanta ya zama mai tauri, a sa mata falle na katako ko roba mai kauri, don kada ta lanƙwashe ta goga taya. Na uku, a ja ta baya yadda dunduniya ba za ta riƙa dukanta ba in ana taka feda. Na huɗu, ta samu hannu mai ƙwari da maratayi, domin matakalar tarago tana da tsawo, ƙofarsa ƙunci gare ta, dole hannu ɗaya ya zauna a sake don kama ƙarfe.

Sai maganar ruwa da ƙura. Damina a wannan yanki takan kai wata 6, kuma hunturu na biye da ƙurarsa. Tamfol mai kauri, wanda aka naɗe bakinsa aka ɗaure, ya fi zif aminci. Fata kuwa, ko da yake dukawa sun gwanance wajen ɗinka gafaka da burgami masu shekara da shekaru, ba ta son jiƙa, sai ana shafa mata mai. Teloli masu ɗinkin tamfol da rigar kujerar babur suna iya haɗa irin wannan jaka in an nuna musu awon kariya, kuma abin da aka ɗinka a gida, a gida ake gyara shi. Kada a manta da ɗan aljihun famfo da faci da sulushan, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuɗi da takardu kuwa ba a barinsu cikin babbar jaka, a jiki ake ɗaure su. Bahaushe ma da ya ce jaka guda, fam 100 yake nufi a da, wanda ya koma Naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. Wannan hanya ta sha fama da 'yan bindiga, har a 2021 aka kwashe ɗalibai fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina. Jaka mai ƙyalli tana jawo ido, wadda ba ta da kwalliya ita ce abokiyar tafiya.

SAURAN AIKI NA HUKUMA NE

Amma fa jaka, komai kyanta, ba ta kawo jirgi. Tsohon layin Ikko zuwa Kano ya daɗe a kwance kafin a gyara shi a sake buɗewa a ƙarshen 2012, bayan haka ma zirga-zirgarsa ta sha tsayawa. Sabon dogon da aka buɗe a 2016 tsakanin Abuja da Kaduna ne, nesa da ƙasar Kontagora. A ƙasar Holan kuwa, inda ma'aikata ke haɗa keke da jirgi kullum safiya, tashar birnin Utrecht kaɗai tana da ma'ajiyar kekuna 12,500 da aka kammala a 2019. Mutum ya kulle kekensa, ya zare jakarsa, ya hau jirgi, da yamma ya dawo ya tarar da abinsa.

Ba wanda ke neman irin wannan katafaren gini a Zungeru. Rumfa mai inuwa da amintaccen mai gadi, da jirgin da zai zo ran da aka ce zai zo, sun ishi talaka. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na babur sun zama abin da manomi ke lissafawa da mudun dawa, keke kuwa ba ya shan komai sai ƙarfin mai shi. Mutumin Ibeto ya iya ɗaurin kaya tun kaka da kakanni, kuma zai ci gaba da taka kekensa zuwa bakin titi. Allah ya kawo ranar da zai isa tasha ya iske tarago yana jiransa, amin.